Muryar da Ta Sauka Kafin Mai Ita

Rediyo suke ce mata a shagon wanki da guga, don bakinta ba ya hutu. Ita ko a jikinta. Abin da ba su sani ba, rabin surutun nan na Inna ne. Tun da idon Inna ya rufe, 'yarta ce idonta. Kullum da safe in ta hau bas, sai ta kira ta a waya, ta riƙa kwaso mata gari ta taga: mai shara ya jingina da tsintsiya yana hamma, tattabaru sun cika rufin kanti, bishiyar bakin gada ta yi fure. Na ƙarshen nan ƙarya ce, an sare bishiyar tuni, kututture kawai ya rage. Amma a kunnen Inna ba ta taɓa daina fure ba. Sallama ma ba ta gamawa Inna take cewa, "'Yar nan, me kika gano min yau?"

Ranar da abin ya faru ana yayyafi. Tana cikin gaya wa Inna yadda ruwa ke gangara a gilashi a hankali kamar mai jin barci, sai ta lura mutumin gefenta ya kara wayarsa kusa da kafaɗarta, wani jan ɗigo yana ta ƙyafta ido.

"Malam, lafiya? Ɗaukar maganata kake?"

"Muryarki ce ta burge ni, baiwar Allah."

"To goge."

"Ai nan ba ɗakinki ba ne. Motar kowa ce. Abin da kunne ya ji, waya ma ta ji."

Ka ji mutum! Kafin ta haɗa amsar da ta dace da shi, bas ta tsaya, ya sauka ya ɓace cikin masu lema, muryarta a aljihunsa.

A shago, mai karɓar kaya ta dafe ƙirji. "Ke, yanzu ɗan guntun murya ya ishi 'yan damfara! Na'ura za ta haɗiye muryarki ta tofo wata sak, har da dariyarki. Su kira tsohuwa su ce kin faɗi a titi, ta buɗe wa wanda aka aiko." Mai shago ya ce ta kai ƙara. Ƙarar wa? Ko fuskar mutumin ba ta riƙe ba.

Ta koma kan tebur. Dutsen guga na huci, tururi ya tashi ya lulluɓe riguna da ke rataye, suka riƙa lilo kamar masu su na ciki. A cikin tururin nan ta hango muryarta tana tafe ita kaɗai, ba jiki, ba takalmi. Ta ga ta tsallake titi, ta gaida mai gadi, ya amsa da fara'a. Ta hau bene, ta tsallake matakalar nan da ta tsage, don ita ma ta san ta. Ta tsaya a ƙofar Inna ta ce bishiyar bakin gada ta yi fure, sakata ta fara motsi. Ƙaurin wuyan riga ne ya dawo da ita. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da ta koma gida ta zayyana wa Inna komai. Inna ta yi dariya.

"Ni da na haife ki? Kukanki na farko yana nan cikin kunnena."

"Inna, ba wasa nake ba. Ko kin ji ni, kada ki yarda sai kin tabbatar."

"Da me zan tabbatar, 'yar nan? Ido gare ni?"

Rediyo dai ba ta bari ba. Ta yi ta nanatawa har dariyar ta bushe a fuskar tsohuwa, ta ce, "To, na ji."

Washegari a bas ta duba hagu, ta duba dama, kowa da waya a hannu. Ta rufe baki da tafi, ta kira, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, kin tashi lafiya?"



"Wace ce?"

"Ni ce mana."

"'Yata ba ta raɗa," in ji Inna. Ta kashe.

Ranar a shago sai da aka tambaya ko batirin rediyo ne ya mutu.

Da yamma ta yi sallama a ƙofa da dukan muryarta. Ƙofar ta buɗe kaɗan, sarƙa na riƙe da ita. Ba a amsa ba. Sai Rediyo ta zura hannu ta tsagar. Yatsun Inna suka bi shi a hankali, har suka iske tabon ƙunar dutsen guga a gindin babban yatsa. Sarƙa ta faɗi.

"Ke ce," in ji Inna, ba ta saki hannun ba. "Yini na yi ina kuka, ban san wa na kashe wa waya ba. Kada ki ƙara kira, 'yar nan, zuciyata ba za ta iya ba. In kin dawo kya ba ni labari."

Da safe bas ta hau gada, wayar na cikin jaka. Rediyo ta leƙa ta taga ta ga kututturen, ruwa ya jiƙa shi. Ta buɗe baki don sabo, sai ta tuna ba wanda za ta gaya wa ya yi fure.