Shahadar da Sharfuddeen ya dasa a wayar Liman

Sharfuddeen ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Asirin mutane ya sata, kuma mafi muni a ciki shi ne asirin Malam Sodangi, limamin masallacin unguwarsu a Mai Wurno, tsohon da ya koya masa alwala da hannunsa.

Da yaƙi ya katse shabaka, wato intanet, Sharfuddeen ya dawo daga Khartum da faifan tauraron ɗan'adam da farantan hasken rana. Ya kafa su a kan rufin shagon marigayi mahaifinsa, kusa da inda hafiloli, motocin fasinja masu zuwa Sinnar, suke lodi. Duk mai son jin labarin ɗansa ko ɗan'uwansa, nan yake zuwa ya zauna a kan benci, ya sunkuyar da kai a kan waya. Ba wanda yake zuwa don Sharfuddeen. Ba shi da mata, ba shi da aboki, kuma shekarun da ya yi a birni sun sa Hausarsa ta yi nauyi, har tsararrakinsa suna kwaikwayonsa. Wannan dalili ne, amma ba uzuri ba ne.

Sai an san halin waya kafin a gane girman laifin. Waya ba ta yarda da baƙo haka kawai. In ta je wani shafi, sai ta nemi ya nuna shahada, wato shaidar cewa shi ne wanda yake iƙirari. Ta duba wanda ya sa hannu a shahadar, ta duba wanda ya tsaya wa wannan, har ta kai ga ɗaya daga cikin manyan da aka zuba mata sunayensu tun daga masana'anta. In ta kai, sai ta rufe zancenta da shafin, ba mai ji a tsakani. In ba ta kai ba, sai ta ja baya ta yi gargaɗi. Haka ake yi wa baƙo a garin nan tun zamanin kakanni: ɗan wa ne, wa ya san shi, a gidan wa ya sauka.

Sharfuddeen ya haɗa tasa shahadar, ya sa wa kansa hannu, yana cusa ta cikin sahun manyan. Duk wanda ya miƙo waya a haɗa masa, sai ya ce akwai ɗan abin da za a sa don ta yi sauri. Wayar takan yi gargaɗi, shi kuma ya danne gargaɗin da babban yatsa kafin mai ita ya gani. Daga ranar, wayar ta ɗauke shi babba, duk wanda ya tsaya wa ta yarda da shi. Saƙonnin murya da na hira suna da nasu makulli, bai iya buɗe su ba. Amma duk abin da mutum ya nema ko ya rubuta a shafi, sai ya bi ta kwamfutarsa a buɗe. Yana zaune bayan kantar shagon yana karanta mutanen da ke gabansa, su kuwa sun ɗauka lissafin caji yake yi.

Malam Sodangi yakan zo da hantsi, lokacin da benci ba kowa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna Saudiyya, ɗiyarsa Zainabu kaɗai ke gida, wadda ta gudo daga Madani bayan an rufe kamfanin wayar da take wa aiki. Ko ita bai gaya wa abin da ke damunsa ba. Karatun da ya haddace tun yana yaro ya fara zame masa. Yana tsaye gaban jama'a sai aya ta ɓace, ya ji wurin da take wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ya sami wani shafi inda likita yake amsa tambayoyin mutane ba tare da suna ba, sai ya rubuta da Larabcinsa na littafi, da yatsa ɗaya, yana cewa wani dattijo ne ya sa a tambayar masa. Likitan ya ba da amsa mai tsawo. Bayan ya karanta, Malam yakan buɗe surar da yake nufin karantawa da magariba, ya bi ta a hankali yana motsa leɓe.

Abin da yake so kaɗan ne. Yana so ya sauka daga limanci da ƙafarsa, a ranar da ya zaɓa, ya miƙa wa wani, mutane su tuna da shi a matsayin wanda bai taɓa yin tuntuɓe a karatu ba.

Sharfuddeen ya karanta duk wannan. Mutumin kirki zai rufe kwamfutar ya nemi gafara. Shi kuwa sai ya ga hanyar da za a san da shi. Mutumin da ke salla a sahun baya, in ma ya zo, ya koma tsayawa daidai bayan liman. Ya riga ya san surar da za a karanta, ya bi ta shi ma da rana. Da Malam ya ɗan tsaya don numfashi, sai muryar Sharfuddeen ta fito da ayar gaba, da ƙarfi, har sahun ƙarshe su ji. Tunatar da liman abu ne mai kyau in ya makale. Malam bai makale ba tukuna. Amma da ya san akwai mai jiran tuntuɓensa a bayansa, sai ya fara yin tuntuɓen.

"Ya zol, kai mutumin nan, yaushe ka zama mahaddaci?" in ji Almu mai shayi, wata rana ana sa takalma a ƙofar masallaci. "Mu dai mun san ka da haddace lambobin waya."

Aka yi dariya. Dariyar ta yi wa Sharfuddeen zafi, sai ya juya ga Malam, wanda ke fitowa da sandarsa.

"Ai taimako nike yi. Malam, ka bi maganar likitan nan mana. Ya ce a rage dogayen surori, a yi ta maimaita gajeru, kuma a gaya wa na gida tun da wuri. Ciwon mantuwa ba abin kunya ba ne."

Almu ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Malam ya dubi Sharfuddeen, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana." Ya bi ta gefen bango ya tafi gida. Da asuba wani ne ya ja salla.

Malam ya daina fita. Yana zaune a kan gadon igiya a inuwar dalbejiya, jabanar gahawa da Zainabu ta kawo tana hucewa a gabansa. Masu zuwa dubiya suna magana da shi a hankali, da ƙarfi, kamar ana yi wa yaro, shi ya sa ya ce a daina shigo da su.

"Baba, mi ya faru? Gari duka na magana, ni kaɗai ban sani ba."

"Ban gaya wa kowa ba, Abu. Wallahi ban gaya wa kowa ba. Wayar nan kawai na gaya wa."

Ta karɓi wayar. Ba ta daɗe ba ta kai inda waya ke ajiye sunayen waɗanda ta yarda da su. Sunayen masana'anta suna nan a jere. A gefe guda, inda ake sa abin da aka ƙara da hannu, akwai ɗaya tak, kuma mai shi ko kunyar sakaya suna bai yi ba.

Washegari ranar kasuwa ce, bencin shagon ya cika. Zainabu ta ja tobinta, mayafin matan garin, ta tsaya a ƙofa, ba ta yi sallama ba.

"Inna Yalwa, ara mini wayarki. Ammu Jibirin, kai ma. Ku duba nan. Kun san sunan wane ne wanga?"

"Na sauri ne," in ji Sharfuddeen daga bayan kanta. "Kowa na sa mishi. Ke da kika yi aikin kamfani ai kin sani."

"Na sani, shi ya sa na zo. Wa ya tsaya maka, Sharfuddeen? Wa ya ce kai amintacce ne, ban da kai?" Ta juya ga mutane. "Duk abin da kuka tambaya a shafi tun da ya taɓa wayoyinku, ya karanta. Ciwo, ko mafarki, ko neman hanyar fita ƙasar, duk ya gani."

Ba wanda ya yi ihu. Kowa ya sunkuyar da kai yana tuna abin da ya rubuta. Inna Yalwa ta rufe baki da gefen tobi. Jibirin, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙa wa Zainabu wayarsa ya ce, "Cire mini shi, ɗiyata." Ta cire, ta cire wa na gaba, har ta gama da bencin. Sharfuddeen yana cewa ma'alesh, a yi haƙuri, ai bai gaya wa kowa nasu ba, na Malam kawai ya suɓuce. Ba wanda ya dube shi.

Dattawan unguwa sun zauna a kan maganar. Wasu sun ce a kai shi ga hukuma, wasu sun ce a farfasa faifan. Ba a yi ko ɗaya ba, don kai ƙara yana nufin a faɗi abin da ya karanta, kuma ba mai son a faɗa; fasa faifan kuwa ba zai goge abin da ya riga ya sani ba. An je an roƙi Malam ya dawo ko da salla ɗaya ya ja, ya sauka yadda ya so. Ya ce ya gode, amma ranar ta riga ta wuce. Kafin damina ta fita, ciwon ya ci gaba, har yakan kira Zainabu da sunan mahaifiyarta.

Faifan yana nan a kan rufi. Mutane suna wuce shi su yi tafiya har bakin kogi, inda wani ya kafa nasa. In Sharfuddeen ya doso majalisa, zance ya mutu har sai ya wuce. Da azumi, lokacin da kowane gida ke fito da farantinsa a shimfiɗa tabarmi a kan titi a sha ruwa tare, shi yana shan nasa a bayan kanta. Mutum ɗaya ne yake gaishe shi a Mai Wurno, Malam Sodangi, in Zainabu ta fito da shi shan iska, kuma kullum sai ya tambaye ta ɗan wane ne wannan.