Idon Tela

A ɗakin masu ciwon ido na asibiti, Sista ta ɗaga bandejin a hankali, audugar ta biyo shi da jini-jini. Idon hagu na matar ya tsiyaye, likita ya ɗinke fatar. Na daman ma ya soma ja.

"Me ya same ki haka?"

Kafin ta buɗe baki, mahaifiyarta da ke bakin gado ta karɓe. "Tela ce. Zamewa ta yi ta faɗa kan almakashinta."

Shekara goma sha ɗaya Sista tana wanke idanu a ɗakin nan, na masu walda da na masu fasa dutse. Ba ta taɓa ganin almakashin da ya bar shatin ƙarfen bel ɗin wando a kunci ba. Ta aiki tsohuwar karɓo magani, ta ja labule.

"Ƙanwata, daga ni sai ke. Wa ya yi miki?"

"Baban yara," ta ce can ƙasa. "Wai na cika kallon mai kawo min yadi. Wallahi awo nake dubawa."

"Akwai takardar kai ƙara. Kika ce to, yanzu zan cike."

Sai labulen ya yaye. Ashe tsohuwar ba ta yi nisa ba.

"Takardar me? 'Ya'ya huɗu gare ta, ke za ki riƙe mata su? Ido ne fa, ba rai ba."

Telar ta juya fuska bango. Da ƙyar ta ce, "Almakashi ne, Sista."

* * *

Ranar sallama mijin ya zo tsaf da shi, yana ƙamshin turare, ya bi gado-gado yana yi wa marasa lafiya sannu. Idon da ya rage sai an ɗiga masa magani sau huɗu kullum, telar kuwa da ido ɗaya hannunta kuskure yake yi.

"Ni gobe zan koma gidana," in ji tsohuwar. "Shi za ki koya wa."

Sista ta dubi telar, ta jira ko za ta ce wani abu. Telar ta sunkuyar da kai. Sista ta sa mijin ya wanke hannu, ta nuna masa yadda ake jan fatar ido ƙasa, ta miƙa masa kwalbar.

Ya kama haɓar matarsa ya ɗaga. Idon ya runtse gam.

"Buɗe mana, Maman yara," ya ce da murmushi. Ya sa ɗan yatsa ya buɗe da kansa, maganin ya ɗiga daidai tsakiya.

"Kin gani ko?" tsohuwar ta ce da Sista. "Hannunsa ko rawa ba ya yi."