Farin Ƙanzo a Gindin Buta

"Ba zan sha ba," in ji tsohuwar, ta juya fuskarta bango. "Fita da shi."

Mai kitso tana tsaye a bakin ƙofa da mataji soke a ɗankwalinta, don rabin kai ta bar wata mata a gida ta ƙetaro da gudu. Matar ɗan tsohuwar ce ta kira ta ta kan katanga. Ga ta nan durƙushe gaban gado da kofi a hannu, ido ya yi jawur.

Kwana biyu ke nan Iya ba ta sa ruwa a baki ba. Wata uku da suka wuce ciwon zuciya ya ci ƙarfinta, ɗanta direban babbar mota ya ɗauko ta ya ajiye wajen matarsa, ya koma kan hanya. Shekaranjiya Iya ta leƙa butar shayi, ta ga wani farin abu ya manne a gindi, ɓarɓashinsa na yawo cikin ruwa. Shi ke nan, ta ce guba ake zuba mata.

"Yaya, ki yi mata bayani," in ji matar. "In ta tafi tana ganin ni na kashe ta, ina zan sa kaina?"

Mai kitso ta san ruwan unguwar nan kamar yunwar cikinta. Zartsi gare shi. Sai ka cinye rabin sabulu kafin ka ga kumfa, farin kaya ya koma ruwan toka, bakin famfo ya toshe duk wata. Gashin mata kuwa kullum a hannunta yake karyewa.

"Kawo lemun tsami," ta ce. "Yanzu zan nuna mata ba komai ba ne."

Ta matse guda huɗu cikin butar a gaban Iya. Farin ƙanzon ya fara tsuwa yana fitar da kumfa. Iya ta ɗago kai da ƙyar ta duba.

"Kin gani ko? Yana tafasa ba wuta. Abin da ake so ya yi a cikina ke nan."

Matar ta ajiye kofin ta fashe da kuka. Mai kitso ta ji kamar ta mari kanta. Ta fito tsakar gida, ta koma, ta sake fitowa, ta rasa inda za ta tsaya. Daga ƙarshe ta faɗa gidanta.

"Yau kuwa za a gama kan nan?" in ji mai rabin kitso.

"Riƙe shi kar ya gudu."

A nan idonta ya faɗa kan tata butar, wadda rabonta da wankin kirki an fi shekara. Kunya ta kama ta, amma ta sure ta. Ta biya gidan tela ta karɓi tasu, ta karɓi ta matar malamin makaranta, ta dawo tana haki ta jera su a gefen gadon.

"Iya, leƙa."

Tsohuwar ta leƙa ɗaya bayan ɗaya. A ta ƙarshe ta daɗe, har ta sa farce ta kankaro wani ɓawo.

"Wannan ta waye?"

"Tawa ce. Ni kaɗai nake zaune, ni nake dafa wa kaina. To ni wa ke son kashe ni?"

"Ke ai ƙazanta ce za ta kashe ki," in ji Iya, wata 'yar dariya ta ƙwace mata ta koma tari. "Ta yarinyar nan ma ta fi taku tsabta."

Suka tafasa ruwa, suka bar shi ya kwanta, suka tace da farin ƙyalle. Mai kitso ta miƙa kofin.

"Ba ke ba," in ji Iya. "Ba wa yarinyar nan."

Kurɓa uku ta yi daga hannun surukarta. Ba ta ce a yafe mata ba, ba halinta ba ne. Ta dai riƙe wuyan hannun ta ƙi saki, tana duba yatsun.

"Duk sun tsage."

"Wanki ne, Iya. Ruwan ne."

"Wankin kayana," in ji tsohuwar, ta rufe ido.

Washegari da hantsi ta cika, ɗanta yana can kan hanya bai iso ba. Da mai kitso ta shigo, ta tarar an rufe Iya da zane, surukar na zaune a ƙasa ta jingina da gado. Gwangwanin man shafawar tsohuwar yana buɗe kusa da matashi.

"Tashi ki wanke fuska, mutane za su fara shigowa."

"Bari tukuna, Yaya. Ita ta shafa min ɗazu."

Ta ɗora hannuwan a kan gwiwoyinta, tafin a buɗe, suna sheƙi da mai har cikin tsagar yatsun.