Abin da Ataa Ya Gaya wa Kakanni

Tun ranar da Lantei ya dawo daga Hamburg da zanen bene mai hawa shida a cikin wayarsa, Lamiokor ta fasa sayen sabon labulen da ta yi niyya. Wa zai yi wa ɗakin da ake shirin rushewa kwalliya?

Ɗakin nan shi ne duk abin da babanta ya bar mata: ciki ɗaya a gidan kakansu da ke unguwar Osu a babban birnin Gana, taga ɗaya, rufin kwano mai yoyo a kusurwa guda. Amma daga ƙofarsa zuwa firamaren da take koyarwa tafiyar minti goma ce a ƙafa, kuma ko sisi ba ta biya. Abokan aikinta da tsadar haya ta kora Kasoa, can bayan gari, sukan tashi tun zakara bai yanke shawarar yin cara ba, su cusa kansu a motar haya, su iso aji ido jajur. A Osu kuwa masu gidaje sun daina faɗin haya da sidi, kuɗin ƙasar. Da dala suke faɗa, sai ka ce da ita iyayensu suka saya musu dokunu, tuwon masarar nan na cikin ɓawo, suna yara. A layinsu kaɗai an tsayar da benaye uku na gilashi, kuma ba mahalukin da ya taɓa ganin an shanya ko ɗan kamfai a barandarsu. Masu ɗakunan suna can ƙetare, sun saya sun kulle, ƙadangaru na shan iskar teku a madadinsu. Kowa na gani, kowa na cewa ai ci gaba ne.

Lantei ɗan baffanta ne, shekararsa ashirin da shida a Jamus. Borga ake ce masa, kamar duk wanda ya je Turai ya dawo da sarƙa a wuya. Buƙatarsa ba ta da yawa: dangi su sayar masa da gidan, ya rushe, ya kafa benensa, kowa ya karɓi kasonsa ya kama gabansa. Kason Lamiokor zai biya mata hayar shekara biyu a Kasoa, ya bar mata ɗan canjin man zafi na ciwon baya.

Dangi sun amince, musamman waɗanda rabonsu da kwana a gidan tun suna fitsarin kwance. Abu ɗaya ya tsayar da cinikin: kwalba.

A gidansu magana ba ta zama magana sai shugaban dangi ya tsaya a tsakar gida, ya buɗe kwalbar giya, ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya da sunayensu yana tsiyayawa a ƙasa, ya gaya musu abin da aka yi da bakinsa, ba kwana-kwana. Shugaban shi ne Ataa Odartey, ɗan shekara saba'in da tara, tsohon ma'aikacin gidan waya. Taro uku aka yi. Sau uku Borga na kawo kwalba, sau uku tsohon na jujjuya ta a hannu, ya karance rubutun jikinta tsaf kamar jarida, ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya ce gwiwarsa ta motsa, ba zai iya tsayuwa ba, a dawo wata Asabar.

Kowa ya san ba gwiwa ba ce. Wansa, wanda ya riƙe dangi kafin shi, ya taɓa sayar da gonar kwakwar gidan ta bakin teku. Ya tsaya ya ce wa kakanni “mun sayar”, wata bai cika ba bakinsa ya karkace ya nufi kunne, har ya mutu da cokali ake ɗura masa koko. Likita ya ce hawan jini ne. Ataa ya ce likitan yaro ne.

Wannan abu na ci wa Lamiokor rai. A ce mace mai takardar koyarwa, makwancinta ya rataya a kan tsoron wani tsoho? Tsoron ma kullum ana rage masa kaifi. Zuwan farko Borga ya kawo wa Ataa takalmi, na biyu rediyo, na uku ya kai shi aka sa masa haƙoran roba farare tas. Ta tabbata kafin kyauta ta biyar gwiwa za ta warke. Ita abu rubutacce take so, mai lamba da sashe, wanda ba a sayensa da haƙori.

Sai abin ya kawo kansa har ƙofar ɗakinta. Wata Laraba Borga ya leƙo yana kaɗa makullin mota.

“Ƙanwata, ara mini katinki na ɗan ƙasa mana. Layin waya zan yi wa rajista.”

“Naka fa, Yaya?”

“Nawa yana da ɗan tarihi.”

“Ina son tarihi. Shi nake koyarwa ranar Alhamis.”

Ya sosa ƙeya. Ashe lokacin da ya karɓi takardar zama ɗan Jamus, sai da aka sa shi ya ajiye ta Gana. Ya ce abin takarda ne kawai, jini ai ba ya canzawa. Ta ce haka ne, ta ara masa katin da fara'ar da ba ta taɓa yi masa ba. Washegari daga makaranta ta zarce ofishin wani lauya inda ƙawarta ke aikin buga takardu, ta fito da shafi biyu a jaka tana tafiya kamar wadda aka yi wa ƙarin girma.

A ƙofar gida ta tarar da Awo Dede, ƙanwar babanta, wadda ta shekara arba'in tana sayar da dokunu a wurin, ita ma ɗakinta na cikin waɗanda za a rushe.

“Awo, magana ta ƙare. Yaya Lantei Bajamushe ne.”

“Da wannan goshin na gidanmu?”

“A takarda. Dokar ƙasa ta ce baƙo ba ya sayen ƙasa a nan ta zama tasa. Iyakarsa haya, shekara hamsin, ba ƙari.”

Awo ta ci gaba da naɗe ƙullu a ɓawon masara. “Wa kika gaya wa?”

“Ranar Asabar zan gaya wa kowa.”

“Malama, ki bar tsohon nan da gwiwarsa.”

“Gwiwa ba hujja ba ce, Awo.”

“Wata biyar gwiwar nan tana riƙe da rufin ɗakinki da nawa. Takardarki me ta taɓa riƙewa?”

“Haka kuke kullum. A yi shiru, a bari, a ga abin da Allah zai yi. Da shirun nan aka cinye Osu gida-gida, kuna zaune kuna kirga motocin da ke kwashe maƙwabta.”

“To,” in ji Awo. “Ke kika yi boko. Miƙo mini ɓawon can.”

Ranar Asabar aka kafa rumfa a tsakar gida, aka jera kujerun roba. Borga ya zo da kwalba ta huɗu da wani kwali da aka ce fanka ce. Ataa ya karɓi kwalbar, ya fara karatunsa, hannunsa ɗaya ya riga ya nufi gwiwa. Nan Lamiokor ta miƙe ta nemi izinin magana.

Ta karanta da Turanci, da muryar da take kiran sunayen 'yan aji, sannan ta fassara da harshen gida don kada wani ya ce bai ji ba. Ta ce ɗan'uwansu da ke zaune nan, da sarƙarsa da komai, a idon doka baƙo ne, daidai yake da Baturen da ya sauka daga jirgi jiya. Ba zai iya sayen ko inda kaza ke kwana a gidan nan ba.

Wuri ya yi tsit. Borga ya ciro hankici ya goge wuya. Wani baffa da ya riga ya karɓi mota a kan kasonsa ya dafe kai. Lamiokor ta tsaya tana kallonsu ɗaya-ɗaya, daɗi na ratsa ta har yatsun ƙafa. Wata biyar tana jiran wannan shirun.

Ataa Odartey ne ya katse shi. Ya janye hannu daga gwiwa.

“'Yata, maimaita wurin nan. Ba zai iya saye ba?”

“Ba zai iya ba, Ataa.”

“Ko mu mun so?”

“Ko kun so.”

“Sai dai me?”

“Haya. Shekara hamsin.”

“In hamsin ɗin ta cika fa?”

“Gida ya dawo hannun dangi.”

“Da benen a kai?”

“Da abin da ke kai.”

Tsohon ya jingina da kujera. A hankali haƙoran roba suka bayyana gaba ɗayansu.

“Ashe aro ne,” in ji shi.

“Ba aro ba ne, Ataa, rushewa zai—”

“Abin da za a ba mutum ya dawo da shi, a garinku me ake ce masa?” Ya juya wajen Borga. “Kai, Bature. Ka ji abin da gwamnati ta ce. Za ka karɓi aro?”

Borga ya shiga lissafi yana motsa leɓe. Shekararsa hamsin da uku. 'Ya'yansa biyu na Hamburg sun zo sau ɗaya, sauro ya cije su, suka rantse ba su ƙara. Wa yake tara wa har abada?

“Zan karɓa, Ataa. Amma kuɗin aro ba zai kai na saye ba. Sai an cire kashi ɗaya cikin huɗu.”

Aka ɗan yi hayaniya, irin ta mutanen da suka riga suka yarda. Baffa mai mota ya ce a cire ɗaya cikin biyar, Borga ya ce huɗu, aka tsaya a huɗu. Lamiokor na tsaye da takarda a hannu aka yanke rubu'in kasonta, ba wanda ya ko dube ta.

“Ataa, shekara hamsin fa ake magana,” ta ce. “Ina da talatin da ɗaya. In dawo ɗakina ina da tamanin da ɗaya?”

“Shekara biyu kacal za ki ɗara ni. Ga ni kuwa garau.”

Ya miƙe tsaye ba sanda, ba mai tallafa masa. Ya zame mayafinsa daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya tuɓe takalmin da Borga ya saya masa, ya murɗe marfin kwalba. Jama'a suka miƙe. Ya kira kakan da ya kafa gidan, ya tsiyaya. Ya kira matansa, da 'ya'yansa, har da baban Lamiokor, yana tsiyayawa ana amsawa. Da ya zo kan wansa mai karkataccen baki sai ya zuba masa da yawa.

“Ku saurara da kyau,” in ji shi, yana kallon ƙasa. “Ba mu sayar ba. Na sake faɗa, ba mu sayar ba. Ko mun so ma gwamnati ta hana. Aro muka ba yaronku Lantei. Jikanku ne, takarda ce ta mai da shi Bature. Za ku ji ƙarar inji kwana kaɗan, ku ɗan matsa gefe, ku yi haƙuri. Shekara hamsin a wurinku ai kamar jibi ne, kuma za a dawo muku da gida har da bene. In kuwa akwai wanda bai gamsu ba a cikinku, wannan shawara ba tawa ba ce. 'Yarku Lamiokor ce ta kawo ta, wadda ta yi karatu. Ɗakinta na biyu daga hagu.”

Aka amsa da ƙarfi. Wata gwaggo daga Tema ta rungume Lamiokor ta ce Allah ya yi wa boko albarka, da ba don ita ba da har Kirsimeti ana nan ana fama da gwiwa. Borga ma ya zo ya kama hannunta da hannu biyu, ya ce in an gama gini ta riƙa zuwa shan iska a sama, zai gaya wa mai gadi.

Saura sa hannun manyan gida. Da aka kawo tawada gaban Awo Dede, Lamiokor ta durƙusa kusa da ita ta yi ƙasa da murya.

“Awo, ki ƙi dangwalawa. In babu yatsanki takardar ba ta cika.”

“In ƙi abin da aka riga aka gaya wa matattu? Da bakin nan nake cin abinci, Malama.” Ta dangwala, ta goge yatsa a zani. “Wata uku aka ba mu. Ni zan koma wurin 'yata a Teshie, in ga ko can ma suna cin dokunu. In kin ga kwalaye a makarantarku ki ɗebo mana.”

Ko “ai na gaya miki” ba ta ce ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Ranar Litinin lokacin tara, Lamiokor ta shiga ɗakin malamai ta tarar da Mista Quansah na aji biyar ya kifa kai a kan littattafan yara yana ramuwar barci. Shekara shida ke nan yana zuwa daga Kasoa. Ta ja kujera, ta taɓa shi.

“A unguwarku ana samun ciki ɗaya?”

Ya buɗe ido guda. “Akwai wani bayan gidanmu. Ba ruwa, amma akwai taga. Mai gidan na karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule.”

“Shekara biyu? Doka ta ce kada ya wuce wata shida.”

Mista Quansah ya buɗe ɗaya idon. Ya dube ta yadda yake duban yaron da ya maimaita aji.

“Malama, ɗaki kike so ko doka?”



“Ɗaki,” ta ce.

“To ki zo ranar Asabar da safe in kai ki. In mun shiga ni zan yi magana, ke ki gaishe shi kawai.”

Ya mai da kansa kan littattafan.