Kiyashi a Makwarara

Zakiyya na shara da hantsi ta ga kiyashi sun yi layi a bakin makwararar banɗakin Baffa. Ga wajen wanke-wanke can inda ake zubar da ragowar shayi, ba su kula shi ba, nan suka taru baƙi ƙirin kamar an watsa gero. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Kimiyyar halittu ta karanta a jami'a, amma ko ba ta karanta ba, kowace mace a Ƙofar Dumi inda ta tashi ta san abin da ke kiran kiyashi wajen fitsarin mutum. Sugan surukinta ya sake hawa.

Ta ɗebo ruwa ta kora wurin, ta waiga ko wani ya gan ta, kamar ita ce ta yi laifi.

Baffa Mijinyawa mahaifin mijinta ne. Da damina ta faɗi aka ɗauko shi daga rugarsu ta bayan Liman Katagum, ya rame, ƙishirwa ba ta barinsa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta ƙwayoyi, ya hana shi fura mai zaƙi da farar shinkafa. Mudathir, mijin Zakiyya, ya gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa a gidan da suke haya a Yelwa. Ita kuwa ta ɗauki girkin da gaske. Takan je kasuwar Muda Lawal ta zaɓo acca da wake da zogale, ta yi fate, ta yi kwaɗo ba ƙuli da yawa. Ta ajiye kwano a bakin ƙofarsa, da ƙwayar a ɗan faranti, ta durƙusa ta yi sallama kanta a ƙasa, ya amsa daga ciki, ta tashi. Iyakar maganarsu ke nan, kuma ta ishe su. Kafin a fara cin ɗanyar masara tsohon ya murmure har yana takawa masallaci.

Sai wata Alhamis ya ɗauki azumin nafila. Ya haɗiyi ƙwayar da asuba da ruwa kawai, don ba wanda ya gaya masa ba a shan ta da cikin wofi. Da la'asar ana tsaye a sahu ya yanke jiki ya faɗi. Ɗalibai suka ɗauko shi ranga-ranga, hularsa a hannun wani, aka ɗura masa ruwan suga a bakin titi mutane na kallo. Mutumin da ya yi kiwo har ƙasar Kamaru da ƙafarsa bai taɓa cewa wash ba. Bai yi zancen ba ko sau ɗaya. Faranti ya ci gaba da dawowa ba ƙwaya, kowa ya ɗauka ana sha.

Ranar da ta ga kiyashin ta kwaso kayansa za ta wanke. A aljihun jamfarsa ta ji wani abu ya dunƙule. Ta juya aljihun, farin gari ne ya daskare a kusurwa, da sauran ƙwayoyi da ba su gama narkewa ba. Da ta je mayar da kayan ta hangi wata gora a bayan ƙofa, ruwan ciki kore shar, da kwalbar zuma kusa da ita. Ta gane hannun Malam Abdulbaƙi, abokin sahun Baffa, mai sayar da sassaƙe da saiwoyi a gefen kasuwa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Ta sha jin muryarsa ta katanga yana cewa ɗaci ke kashe zaƙi, zuma kuwa waraka ce.

Bayan Mudathir ya ci abinci ta zauna gefensa tana wasa da bakin zanenta.

"Baban Salma, Baffa fa ba ya shan maganin nan."

"Shi ya gaya miki?"

"Ni zai gaya wa? A aljihu na gani. Sannan kuma..." Ko ga mijinta ta kasa ambaton makwarara. "Ka dai yi masa magana."

Mudathir ya ajiye kofin ruwa. "In ce masa me? Kin san ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, wancan yaron yake cewa. Ko ido ba ma haɗawa. Yau in tsaya a gabansa in ce Baffa ƙarya kake yi mana?"

"Ba haka za ka ce ba."

"Ko yaya na ce, haka zai ji."

Duk da haka washegari ya je. Zakiyya na jinsa daga madafa. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa da Fulatanci, aka tambayi gajiya, aka tambayi shanu. Can ya ce, "Baffa, maganin asibiti akwai saura?"

"Akwai da yawa," in ji tsohon.

Gaskiya ya faɗa. Mudathir ya daɗe a tsugune, sannan ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi ya tafi aiki.

A gida irin nasu jika ce ke iya faɗa wa kaka abin da kowa ke tsoron faɗa, ta ja masa gemu ta ce mijina ka sha magani ko in sake ka. Jikarsa Salma kuwa haƙora biyu ne a bakinta. Saura Yagana, maƙwabciyarsu, dattijuwa Babarbariya mai sayar da turaren wuta. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, ba abin da ba a faɗa. Zakiyya ta roƙe ta a ɓoye. Yagana ta yafa mayafi ta shigo, ta same shi a tabarma ƙarƙashin dogon yaro.

"Kai Fulata, bawana! An ce ka koma akuya, ganye kawai kake ci."

Baffa ya yi murmushi. "Sannu da zuwa, baiwata. Har yanzu kyanwar da ta yakushe miki fuska ba a kama ta ba?"

"Bar fuskata. Ina ƙwayar da likita ya ba ka?"

"Na ajiye miki sadaki."

"Wallahi da gaske nake, Mijinyawa. Ciwon nan ba a wasa da shi. Ƙanena a Maiduguri da ƙafa ɗaya aka binne shi."

"Babarbare ne ai. Me zai yi da ƙafa biyu, yana zaune yana cin goro?" Ya gyara zama. "Ke, abin da ya kayar da ni a gaban jama'a ba magani ba ne. Na Malam ɗaci ne da shi, amma bai taɓa tona min asiri ba. Iyayenmu da ganye suka rayu."

"Da ganye kuma suka mutu."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ita ma sai da ta dara. Da za ta fita ta leƙa madafa ta watsa hannuwa. "'Yar nan, na faɗa. Amma duk abin da ya fito bakina wasa ne a wurinsa."

Zakiyya ta yi abin da za ta iya. Ta ƙara zogale, ta rage acca. Ta yi tunanin niƙa ƙwayar a miya, sai ta tuna faɗuwarsa a sahu, ta tuna ba ta sanin ranar da yake azumi, ta fasa. Kullum da safe tana kora makwarara, kullum kiyashi na dawowa.

Bayan an kwashe gyaɗa ta ga jini a takalminsa na roba, ya bushe a wajen babban yatsa. Ƙusa ce ta huda tafin takalmin, ga tsininta a ciki, ya yini yana takawa bai ji ba. Ta cire ƙusar ta mayar da takalmin inda yake. Daga nan ya fara sa safa da rana tsaka. Ya daina zuwa masallaci, yana salla a zaune. Ya aika aka sayo masa turaren Yagana, ɗakin ya zama kullum cikin hayaƙi, amma in ta durƙusa ajiye kwano akwai wani wari a ƙarƙashin turaren, mai zaƙi-zaƙi, irin na naman da ya kwana a leda. Ƙudaje suka fara zama a labule. Mudathir ya ce a je asibiti a duba jini, tsohon ya ce in Allah ya kai mu bayan Juma'a. Juma'a ta wuce, wata ta zo.

Ranar da abin ya faru Mudathir yana wurin aikinsa a makaranta. Malam Abdulbaƙi ya zo da hantsi da jakarsa. Jim kaɗan ya yi gyaran murya a tsakar gida.

"Uwar gida, a taimaka mana da garwashi a kasko."

Ta ɗauka na turare ne. Ta hura gawayi ta kawo bakin ƙofa. Labulen a ɗage yake don haske. A kan tabarma ta ga siririn ƙarfe mai tsini, ta gane sakiya za a yi, a gasa ƙarfe a huda kumburi don ruwa ya fita. Sannan ta ga ƙafar. An cire safa. Yatsu biyu sun yi baƙi kamar gawayin hannunta, kumburin ya haura idon sawu yana sheƙi, an shafe shi da zuma da garin magani. Malam ya danna wurin da yatsa, Baffa ko motsi bai yi ba.

Ba ta taɓa taka cikin ɗakin yana ciki ba. Ta ajiye kaskon a waje, ta shiga, ta durƙusa. Ta ɗaga kai ta dube shi, karo na farko tun aurenta.

"Baffa, ku gafarce ni." Ta dafa ƙasa. "Ba ku shan maganin, na gani a aljihunku. Sugan ne ya kashe muku jin ƙafar. In aka sa wuta a nan ba za ta warke ba."

Ya kawar da kai wajen bango. Malam Abdulbaƙi ya ce, "'Yata, ai suga ya sauka. Tun da ya fara shan..."

"Bai sauka ba, Malam. Kiyashi ke bin fitsarinsu. Kullum ni nake korawa."

Maganar ta riga ta fita. Ta ji ta tana yawo a ɗakin tare da hayaƙi. Surukarsa, a gaban baƙo, ta ambaci abin da yake yi a banɗaki. Ta san ta gama ɓatawa, don haka ta ƙarasa.

"In ba a je asibiti yau ba, yanke ta za a yi. Ko an je ma ban sani ba. Don Allah, Baffa."

A hankali tsohon ya jawo bakin rigarsa ya rufe ƙafar. Bai dube ta ba. Malam Abdulbaƙi ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya naɗe shi a tsumma ya mayar jaka.

"Mijinyawa, yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Jiya ban ga baƙin nan ya kai haka ba. Wannan ya fi ƙarfina." Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Allah ya yafe mana."

Ya fita. Zakiyya ta tashi da baya da baya. A ɗakinta ta kira Mudathir a waya, ta gaya masa abin da ta gani da abin da ta ce.

"A gaban Malam?"

"E."

"Innalillahi. To. Bari in aro mota, ga ni nan. Ki shirya."

Ta sa hijabi, ta haɗa zane da kofi da sabulu a leda, irin abin da mai jinya ke buƙata. Ƙirjinta ya yi sauƙi. Ko ya daina amsa sallamarta har abada, in dai ƙafar ta tsira.

Ta fito ta tarar da shi a tsakar gida a tsaye. Ya sa babbar riga. Ƙafar ya ɗaure ta da leda ya cusa a takalmi. Ta ɗauka fitowa ya yi jiran mota, ta matsa gefe ta durƙusa kamar yadda ta saba. Daga ƙasan ne ta ga sauran. Sandar kiwonsa da bai taɓa ba tun zuwansa. Malafa a rataye a baya. Jakar fata, an ɗaure buta a jikinta. A bakin ƙofar ɗakin ga kwanonta da ɗan farantin, an wanke su tas an kife.

Salma na zaune a tabarma tana tsotsar cokali. Ya sunkuya da ƙyar ya dafa kanta, ya daɗe.

Ya wuce ta gefen Zakiyya, warin ya bi shi. Ya zare sakata a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ya fita, ya jawo ƙofar. Ta ji sandar tana taɓa ƙasa, da jan takalmin roba a bayanta, suna nufar bakin titi inda masu keke ke kiran tasha.