Shekarun Yaya a Gaban Mai Rantsarwa

Wata biyar da rasuwar mijinta, Auta ta sami aikin wanki da guga a wani asibiti. Sharaɗi ɗaya aka sa mata: ta kawo takardar haihuwa kafin a tashi aiki ranar Alhamis, in ba haka ba a ba wata.

Marigayi ne mai ajiye takardun gida. Ta zazzage jakarsa, ta ga har katin rigakafin yara da hotonta na ƙuruciya, amma ban da wannan. Aka ce ta je kotu wurin kwamishinan rantsuwa, da wani babba da ya ga haihuwarta, a rantse a buga hatimi. Babban da ya rage mata kuwa Yaya ce kaɗai.

Ranar Alhamis ɗin, Yaya ta ci kwalliya kamar ita za a ɗauka aikin. A ƙarƙashin matattakalar kotu suka sami mai buga takardu, wani tsoho da keken rubutu.

"Shekarun mai nema?"

"Arba'in da tara," in ji Auta.

"Na mai rantsuwa fa?"

"Arba'in da biyar," Yaya ta faɗa tana gyara ɗankunne.

Auta ba ta ji ba, hankalinta na kan agogo. Tsohon kuwa abin da aka faɗa masa shi yake bugawa, ko da an ce an haifi mutum gobe.

Suka bi layi a kan benci har ƙafa ta yi tsami. Kwamishinan mutum ne siriri, fanka tana kaɗa takardunsa, ya danne su da kofin shayi. Ya karanta, ya sauke tabarau, ya sake karantawa, sannan ya dubi Yaya.

"Baiwar Allah, an rubuta nan kina gidan aka haifi wannan."

"Ni na fara goya ta ma."

"Madalla. Kin yi goyo shekara huɗu kafin a haife ki. Kin cika yarinya mai himma."

Masu jira a bakin ƙofa suka fara tari. Auta ta dubi agogo, ƙarfe biyu ta gota.

"Ranka ya daɗe, shekarunta muka zo rantsewa, ba nawa ba," in ji Yaya.

"Takardar duka ake rantsewa. Ga Alƙur'ani nan. Kina da alwala?"

Yaya ta dubi littafin, ta maida hannu cikin mayafi. Shekara goma sha biyu tana arba'in da biyar, ba wanda ya taɓa kawo mata Alƙur'ani a kan maganar.

"Yaya," Auta ta ce a hankali, "yaran nan ba su da kowa sai ni."

Yaya ta ja tsaki, ta fizgi takardar ta sauka. Ta sunkuya ta raɗa wa tsohon a kunne. Shi kuma kunnensa da nauyi.

"Hamsin da nawa?"

"Da bakwai, Baba. Ko sai na hau rufin kotu na faɗa?"

Suka koma sama. Yaya ta ɗora hannu ta rantse, ta sa hannu, kwamishina ya buga hatimi ya ce Allah ya ƙaro shekaru.

"Waɗannan ma sun isa," in ji ta.

A cikin motar haya Auta ta rungume takardar a ƙirji. Ta tuna yadda marigayi yake gaishe da Yaya duk sabuwar shekara: "Yaya, bana ma muna nan a tashar arba'in da biyar?" Dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun da aka fita da shi, har da hawaye.

Yaya ta miƙo mata bakin mayafinta.

"Da mijin nan naki yana nan, da na shiga uku. Goge fuskarki, kada su ce kin yi wa aikin tsufa."

Saura minti ashirin a rufe ofis suka isa asibitin, aka karɓi takardar.