Basiratu Ta Ƙi Goge Jan Layi

Ofishin ɗaki biyu ne a unguwar Gurugu, can arewa nesa da Akra, a saman wani shagon kayan gyaran babur, don haka duk mai aiki a ciki ya saba da ƙarar guduma da warin baƙin mai. A nan Basiratu take aikin gwada manhaja. Latif ke rubuta manhajar, ita kuma ta kafa mata tarko. Ta tsara gwaje-gwaje masu gudana da kansu: da zarar Latif ya ƙara wani abu, sai kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba sakamakon a fayil ɗin rahoto. Gwajin da ya ci, layinsa kore. Wanda ya faɗi, ja. Daga nan fayil ɗin ya wuce kai tsaye wurin masu ba da aikin a Akra, da sunan Basiratu a ƙasa a matsayin wadda ta gwada.

Aikin na wata ƙungiya ne mai sayen 'ya'yan kaɗanya a hannun matan ƙauye. Manhajar za ta yi wa matan rajista, ta kuma tura musu saƙo a waya ranar da mota za ta zo ɗaukar kaya.

Komai ya yi kore, ban da wasu layuka da suka kafe a ja. Basiratu ta san dalili. Sunayen da ta zuba a gwajin irin na matan da za a yi wa rajistar ne: Suɣulo, Paɣanaa, Ɗayyaba. Duk sunan da ke da harafi mai ƙugiya, na Dagbanci ko na Hausa, manhajar tana tauna shi ta tofar da alamar tambaya. In aka nemi sunan daga baya, sai ta ce babu wannan mutum. Wadda babu ita kuwa, ba ta samun saƙo.

Ana jibi za a miƙa aiki, Seidu mai kamfanin ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Mutum ne mai fara'a, shi ya ɗauke ta aiki tun tana gama makaranta, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Basira, wannan jan yana hana ni barci," in ji shi. "Canza sunayen nan. Sa Ama, sa Mary, sa Fati. Rahoto ya fita kore, mu huta."

"Bra Seidu, matan da ke tsintar kaɗanya a bayan Savelugu, nawa ne Mary a cikinsu?"

"To, ki bar sunayen. Ki gyara wurin fitar da fayil, ya tsallake waɗannan layukan. Bayan an miƙa sai mu gyara a tsanake."

"In an miƙa babu wanda zai waiwaya. Kai ma ka sani."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Ni nake kallon bakin Madam Rosina da ta ba mu aikin, ba ke ba. In ta ga ja, ba ta tambayar wane iri ne. Ta ce yaran arewa ba su iya aiki ba, shi ke nan."

Wannan maganar ta sosa mata inda ke ƙaiƙayi, domin ta sha jin irinta. Amma ta girgiza kai. "Gwajin bai yi laifi ba. Abin da ya gani ya faɗa. Hannuna ba zai taɓa fayil ɗin nan ba."

Seidu ya tashi ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta. Da la'asar sai ta ga ya kira Latif waje, sun daɗe a baranda suna magana ƙasa-ƙasa.

Washegari da ta buɗe kwamfuta, rahoton ya fita kore shar daga sama har ƙasa. Jajayen layukan sun ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Sunanta kuwa yana nan a ƙasa inda ya saba zama. Ta juya ta kalli Latif. Ya sunkuyar da kai yana goge gilashin idonsa da gefen riga.

"Sista Basira, sa ni aka yi."

"Na sani. Ba da kai nake ba."

Ta shiga wurin Seidu ba tare da sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. "Cire sunana."

"Ya riga ya tafi Akra."

"To, gobe zan cire shi da bakina."

"Basiratu, kada ki yi abin da za mu yi da-na-sani, ni da ke."

"Ka sa ni gadi, ɓarawo ya shigo na yi ihu, sai ka ce in rage murya?"

Ranar miƙa aiki suka zauna su uku gaban allo ɗaya. Fuskar Madam Rosina, wakiliyar ƙungiyar, ta bayyana daga Akra, tana murmushi. Ta yaba wa kowa, sannan ta ce ba ta taɓa karɓar rahoto mai tsafta irin wannan ba, a gaida wadda ta gwada.

Basiratu ta ji ƙafar Seidu ta taɓa ƙafar kujerarta. Ta matso gaba.

"Madam, rahoton nan bai cika ba. An cire gwaje-gwajen da suka faɗi." Ta bayyana mata batun sunayen, a taƙaice, ba ta ambaci wanda ya cire ba.

Ta zaci matar za ta fusata. Sai Madam Rosina ta ɗaga kafaɗa kawai. "A, wannan ne? Ai mu da haruffan Turanci muke rubuta sunayensu tun da. Ba matsala ba ce."

Seidu ya saki numfashi. Basiratu kuwa sai ta ji abin ya fi ƙona mata rai fiye da da.

"Ku a ofis haka kuke rubutawa," ta ce. "Masu yin rajista a ƙauye 'yan Dagbon ne, an koya musu rubuta harshensu a makaranta, kuma haka za su rubuta. Mace ta yi wata tana tsinta, ta dafa, ta shanya, mota ta zo ta wuce ba ta sani ba. In kun yarda da haka, to. Amma a bar jan a rahoto, kowa ya ga abin da aka yarda da shi."

Can Madam Rosina ta ce a mayar da layukan, a turo mata cikakken fayil, za ta karɓi aikin a haka, gyaran ya biyo baya in an sami lokaci. Ta kashe kiran ba tare da sallamar kirki ba.

Seidu ya daina yi wa Basiratu magana. Da aka je bikin ƙaddamar da manhajar, da Latif ya tafi, ita aka bar ta da tsaron ofis. Sabon aikin da ya shigo ma ba a sa ta a ciki ba. Abin ya yi mata ciwo, har ta fara tambayar ƙawayenta ko akwai gurbi a wani wuri. Amma kullum gwaje-gwajen suna gudana, kullum fayil yana tafiya Akra da jajayen layukansa, kuma kullum Seidu yana buɗe shi da safe ya yi tsaki.

Wata safiya ya leƙo daga ƙofarsa, fuska a murtuke. "Latif! Ajiye abin da kake yi, ka rufe min wannan jan. Ya ishe ni."

Gyaran bai ci wa Latif kwana biyu ba. Da rahoton ya fito kore, Seidu ya zo ya tsaya a kanta, karo na farko tun ranar taron.

"To, Hajiya, kin huta?"

"Saura kaɗan, Bra Seidu." Ta juya masa allon. "Akwai gidajen da mata huɗu ke amfani da waya ɗaya. Matar farko kawai manhajar take sani. Na rubuta musu gwaji da safen nan."

Ta danna maɓalli. Sabon layi ya fito, ja wur. Seidu ya dube shi, ya dube ta, ya dafe kai. Sannan ya jawo kujera ya zauna.